Yini ɗaya a Legas ga mutumin Jos: daji da safe, teku da la'asar

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jos ne. Zan je Legas ɗaurin auren wani abokin kasuwancina, ni da maiɗakina, kuma a Agege za mu sauka wajen kawuna. Za mu isa Alhamis, a ɗaura aure Juma'a, mu juyo Lahadi, ke nan Asabar ce kaɗai tamu. Daga ni har ita ba wanda ya taɓa ganin teku. Na ga hoton wata gada mai lilo a cikin daji a Lekki, ina kuma son ganin motar da aka kashe Murtala a cikinta, in da hali mu leƙa Badagry. Yini ɗaya zai isa? Ta ina za mu fara, me za mu kiyaye?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai ku lafiya. In na fahimce ka, abu huɗu kake so ka ɗura wa yini guda: daji, gidan tarihi, teku da Badagry, kana tasowa daga Agege, ga iyali a tare. Ukun farko za su yiwu in kun yi sammako. Badagry kuwa cire ta tun yanzu. Tana can yamma, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, Lekki kuma tana gabas, kuma zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya cinye muku yinin. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka ajiye ta sai wata tafiyar.

Yadda garin yake kwance

Wanda ya saba da Jos da nisa yake auna tafiya: in an ce daga Terminus zuwa Bukuru, ya san abin da za ta ci. A Legas da agogo ake aunawa. Hanyar da za ka share cikin awa ɗaya da asuba ita ce za ta riƙe ka awa uku da rana, kuma ruwa ne ya jawo haka. Garin kashi uku ne. Akwai tudu, inda Agege da Ikeja da Yaba da Surulere suke. Akwai tsibirai, wato tsohon garin Ikko, da Ikoyi, da Victoria. Sai kuma Lekki, wata doguwar ƙasa siririya mai miƙewa gabas, tafkin Legas a arewacinta, tekun Atlantika a kudu. Duk motar da za ta tsallaka daga tudu zuwa tsibiri sai ta bi ɗaya daga gadoji uku: Carter, Eko, ko Third Mainland. In ka shiga Lekki kuma, babban titi ɗaya ne ya ɗauki kusan kowa, wato titin Lekki zuwa Epe. Tirela ɗaya ta lalace a kai, an shiga uku.

Don haka dabarar da nake ba duk wanda na tsara wa irin wannan yini ɗaya ce: ka fara da wuri mafi nisa tun gari bai tashi ba, sannan ka riƙa dawowa gida taki-taki. Asabar da safe titi a sake yake, amma daga azahar masu biki suke fitowa, kuma Yarbawa ba sa wasa da bikin Asabar. Wanda ya bar Lekki sai da yamma, a mota zai yi magariba da isha'i.

Ku bar Agege da ƙarfe 6:30, bayan kun yi asuba kun karya. Ka lura, agogon sallar Legas yana bayan na Jos da kamar minti 20, saboda tana yamma da ku. Zuwa dajin Lekki bai wuce kilomita 50 ba, kamar daga Jos zuwa Barikin Ladi. Za ku bi ta Ikeja zuwa Oworonshoki, ku hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990 zamanin Babangida. Ita kanta abin kallo ce. Ka sa maiɗakinka ta zauna ta hannun dama, domin ta nan za ta hango Jami'ar Legas a bakin ruwa, da gidajen katako na Makoko da aka kafa a kan turaku, da masunta suna jefa birgi daga kwale-kwale. Amma ka gaya mata wannan ba teku ba ne tukuna, tafki ne. Daga nan ku ratsa Ikoyi, ku hau gadar Lekki-Ikoyi mai igiyoyi ta 2013, ku faɗa babban titi.

Maganar abin hawa, shatar mota ta yini ta fi muku, da direban da kawunka ya sani. A Agege ba a rasa namu masu wannan sana'a. Ku yi magana ƙarara tun daren Juma'a: awa nawa, wa zai sha mai, wa zai biya kuɗin ajiye mota, abincin direba fa. Yawancin rigimar da ake yi da direba da yamma daga nan take tasowa, an ce "ba komai" da safe. Bolt da Uber suna aiki, sai dai kuɗinsu yana tashi da zarar hadari ya haɗo ko yamma ta yi, kuma direbobi kan ƙi doguwar tafiya irin ta Agege. Danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ta fi araha, amma sai kun sauya mota uku ko huɗu, ba kuwa ta baƙo mai iyali ba ce a ranar farko. Acaba kada ka ko kalle ta: tun Yunin 2022 aka hana ta a Ikeja da Eti-Osa da tsibirin Ikko da wasu ƙananan hukumomi, kuma har fasinja ana kamawa. Abu biyu za ka tambayi kawu: ko ana gyaran gada a makon, da ko akwai abin da zai hana zirga-zirga da safe. Tseren gudun fanfalaki na Legas, alal misali, wata Asabar ake yin sa a Fabrairu, kuma a shekarun baya ta kan Third Mainland yake bi.

Dajin Lekki

Wurin da ka gani a hoto sunansa Lekki Conservation Centre, yana daura da ofishin Chevron. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ita ta kafa shi a 1990, kuma faɗinsa hekta 78 ne. Ba wani babban daji ba ne in ka kwatanta da Yankari. Darajarsa ita ce shi ne ragowar abin da Lekki take kafin a cike ta da yashi a yi gidaje: fadama ce mai ruwa kwance, da tukurwa, da itatuwa masu saiwa a waje, sai ɗan fili mai ciyawa a can ciki. Ana buɗewa wajen 8:30. Ku kasance cikin rukunin farko, don dalili uku. Da sanyin safiya dabbobi suke motsi. Rana ba ta yi zafi ba. Sannan zuwa 11:00 motocin 'yan makaranta da na ƙungiyoyi sun cika wurin, layin gada ya yi tsawo, hayaniya ta kore tsuntsaye.

Kuɗin shiga daban, kuɗin hawa gadar sama daban, kuma a ƙofa ake biyan duka biyun. Mutane kan biya na shiga kaɗai, su yi tafiya har gindin gada, sannan a ce su koma. Daga ƙofa za ku bi wata hanyar katako da aka ɗaga bisa ruwan fadama, wadda ta kusa kilomita biyu in an zagaye ta duka. Katakon yana da santsi inda inuwa ta yi yawa, musamman in an kwana ana ruwa, kuma akan sami wanda ya ruɓe ko ƙusa ta ɗago. Takalmi rufaffe mai roba a ƙasa, irin kambas, shi ne na wurin. Silifas da takalmi mai tsini a bar su a mota.

Birai za su tare ku tun kafin ku yi nisa. Irin da ake kira mona ne, ƙanana masu farin ƙirji da doguwar jela, kuma sun saba da mutane har sun raina su. Ƙarar leda suke saurare. In kana riƙe da leda mai biskit ko ayaba, kafin ka ankara ɗaya ya diro kafaɗarka. Abinci ya zauna cikin jaka mai zif, jakar kuma a gaba. In biri ya kama abu, sakar masa, kada ka ja. Kada ka zura masa ido, kada ka yi masa dariya haƙora a waje, domin a wurinsa wannan neman faɗa ne. In tsautsayi ya sa ya yi cizo ko yaƙushi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda allurar cizon mahaukacin kare. Ba a jira a koma Jos. Ban da birai, akwai ɗawisu da manyan kunkuru kusa da ƙofa, akwai guza, akwai kada da macizai a cikin ruwan, ko da yake ba kasafai suke nuna kansu ba. Wannan ya isa dalilin da zai hana mutum sauka daga kan katako don ɗaukar hoto.

Gadar saman an buɗe ta a 2015, tsawonta mita 401, ana kuma lissafa ta a matsayin mafi tsawo irinta a Afirka. Inda ta fi tashi ya kai mita 22 da rabi, kamar bene hawa bakwai. Ba gada ɗaya ce miƙaƙƙiya ba, zango-zango ce tsakanin hasumiyoyin ƙarfe. Abin takawa faranti ne siriri, faɗin mutum ɗaya, raga ta rufe gefe da gefe har wajen ƙirji, wayoyin ƙarfe suna riƙe da komai. Zangon farko hawa ne, kuma shi ya fi tsorata mutane, domin kana tafiya tana lilo, ƙasa tana nisa. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne hanya ɗaya ce. In ka wuce hasumiyar farko, akwai mutane a bayanka, ba juyawa. Saboda haka ku yi shawara a ƙasa. In maiɗakinka ta ce ba za ta iya ba, kada ka matsa mata, akwai hanyar ƙasa da za ta kai ta inda za ka sauko.

Lilon da ke sa jiri yawancinsa daga mutane yake, ba daga iska ba. In mutum biyu suka matso juna suna taku lokaci guda, gadar takan ɗauki rawar. Ka bar tazarar taku biyar ko shida tsakaninka da na gabanka, hannu biyu a kan igiya, ido a kan hasumiyar da ke gaba, ba tsakanin ƙafafu ba. Hoto a kan hasumiya ake yi, inda ƙasa ba ta motsi. Wayar da ta suɓuce a tsakiyar zango ta zama ta fadama. Ita kuma uwargida ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga ko zane, hijabin ya zama madaidaici wanda ba zai shiga ƙarƙashin ƙafa wajen hawa matakala ba. Kai ma babbar riga ta yi zamanta a Agege, hula kuma a aljihu. Ba a barin ƙananan yara su hau, ana kuma rufe gadar in ana ruwa ko iska mai ƙarfi. Daga hasumiya mafi tsawo za ku ga kan itatuwa a ƙarƙashinku kamar gonar da aka shimfiɗa, bayansu rufin gidajen Lekki sun kewaye dajin ta ko'ina.

Saukowa za ku yi a filin shaƙatawa mai rumfuna da tafkunan kifi. Ku huta minti 20, ku sha ruwa, ku kama hanyar fita. Awa biyu da rabi ya ishi wurin gaba ɗaya. Zuwa 11:00 ku kasance a mota.

Tsakar rana a Onikan

A hanyar dawowa akwai gidan zane-zane na Nike a Ikate, bene cike da zane da sassaƙa da rinin adire, shiga kyauta. In titi a sake yake, ku ba shi rabin awa. In kun ga gosulo ya fara, ku wuce. Kasuwar kayan gargajiya ta Lekki kuwa ban ga abin da za ta ƙara muku ba: yawancin masu jakunkunan fata da tasoshin tagulla namu ne, kuma kayan daga gida aka kai su, an ninka kuɗi saboda Turawa.

Motar Murtala tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan. Wani Bature mai suna Kenneth Murray ne ya kafa gidan a 1957, shekara biyar bayan naku na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Motar baƙar Marsandi ce, ga hujojin harsashi a jikinta, tana ɗakin da aka keɓe wa tarihin gwamnatocin Najeriya. A cikinta aka harbe shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, a Ikoyi, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan. Mutane da yawa ita kaɗai suke kallo su fita, alhali a ciki akwai tagullar Benin da kayan Ife, da kuma abin da ya shafe ka kai tsaye: sassaƙen yumɓu na Nok, har da kan nan da ake kira na Jama'a, irin kayan da aka fara tonowa a ramukan kuza na yankinku. Ka tambayi ma'aikaci kafin ka ɗaga waya, domin ba ko'ina ake yarda da hoto ba. Gidajen tarihin gwamnati ba sa kaiwa yamma a buɗe, kuma akan rufe wani sashe don gyara, saboda haka a sa wani ya tabbatar tun ranar Juma'a. Awa ɗaya ta isa. Da kun fito, dandalin Tafawa Balewa yana nan kusa, da fararen dawakai da jajayen gaggafa a saman ƙofarsa. Nan ne tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya daren 1 ga Oktoba 1960. Tsayuwar minti goma ce.

Salla kuma, kada sunan Babban Masallacin Legas ya ja ku. Yana titin Nnamdi Azikiwe, tsakiyar kasuwa, kuma ranar Asabar mota takan shiga can ta kasa fita. Ku yi azahar a Obalende, wadda ke nan kusa, unguwa ce da namu suka daɗe a cikinta, ba a rasa masallaci da abinci. Tunda zamanku bai kai kwana huɗu ba, hukuncin matafiyi yana kanku. Abincin rana ya zama mara nauyi, domin jirgin ruwa ne a gaba. Kuma in ba ku taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, yau ba ranar gwaji ba ce. Akwai jikin da ba ya karɓarsu, sai ƙaiƙayi da kumburin fuska, wani har numfashi ya toshe, kuma ba a son wannan ya sami mutum a wurin da mota ba ta zuwa.

Teku

Dattawan da suka yi zaman Legas za su ce maka ka je Bar Beach. Babu ita yanzu. Teku ta daɗe tana cin ta, daga baya aka cike wurin da yashi ana gina sabon garin Eko Atlantic. Gaɓar Landmark ma an rushe ta a 2024 saboda titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba. Abin da ya rage muku zaɓi biyu ne. Ko gaɓoɓin Lekki irin su Elegushi, waɗanda mota take kaiwa har ƙofa, ko Tarkwa Bay, wadda sai da jirgin ruwa. Na Lekki sun fi sauƙin zuwa, amma ranar Asabar da yamma kiɗa ne da giya da cinkoso, ga ruwan a buɗe yake, raƙumansa manya. Ga mai iyali da bai taɓa ganin teku ba, Tarkwa nake zaɓa.

Dalilin lafawar ruwanta shi ne tsakanin 1908 da 1912 Turawa sun jera manyan duwatsu suka yi katangu masu shiga cikin teku, don yashi ya daina toshe mashigar jiragen ruwa. Tarkwa tana kwance a lungun waɗannan katangu, su suke karya ƙarfin ruwan kafin ya iso gaɓa. Su ne kuma suka tare yashin da ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa Bar Beach, da ke ɗaya ɓangaren, ta rasa mai ciyar da ita ta zaizaye.

Ana hawa jirgi daga Marina, kusa da tashar mota ta CMS, ko daga tashar Five Cowries da ke Falomo a Ikoyi. Dukansu ba su da nisa da Onikan. Tafiyar minti 15 zuwa 20 ce, a buɗaɗɗen jirgi mai inji a baya. Ku kasance a tasha kafin 2:30. Rigar ruwa dole ce, kuma ba ratayawa ake yi ba: a duba maɗaurinta ba su tsinke ba, a ɗaure har ta kama jiki, in ka ja ta sama daga kafaɗa kada ta wuce kunne. A kan hijabi ake sa ta, a tattare bakin hijabin a cusa ciki don iska. Ku zauna a tsakiya, domin gaba yana dukan ruwa, baya kuma feshi da hayaƙin inji. In kun ga an cika jirgi har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ku jira na gaba. Za ku ratsa hanyar da manyan jiragen dakon kaya suke bi zuwa Apapa, kuma in ɗaya ya wuce yakan bar taguwar da za ta ɗaga ku ta sauke. Direba ya san da ita, zai rage gudu ya fuskance ta. Naku shi ne zama daram, kada kowa ya miƙe. Wanda zuciyarsa ta fara tashi ya ajiye waya ya kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama.

Kafin ku sauka, ku yanke lokacin dawowa da mai jirgi, ka karɓi lambarsa, kada kuma ka biya kuɗin dawowa sai an dawo. Ku sa 5:30. Rana tana faɗuwa tsakanin 6:30 da 7:00, hukuma ta hana ƙananan jirage tafiyar dare, kuma jiragen ƙarshe su ne ake cika wa lodi. A gaɓa akwai kuɗin shiga, akwai na rumfa da kujera, kowanne a yi ciniki kafin a zauna.

Yanzu ga abin da ya fi duk sauran muhimmanci. Wanda ya koyi iyo a kududdufan kuza na Rayfield ko a rafin ƙauye bai san wannan ruwa ba. Kududdufi a tsaye yake. Teku tana turo ruwa gaɓa, ruwan kuma dole ya koma, sai ya nemi wata 'yar kwazazzaba a cikin yashi ya bi ta da gudu zuwa ciki. Gudun yakan kai mita biyu a daƙiƙa, wanda gwanin iyo ma ba ya iya gaba da shi. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: raƙuman ruwa suna fashewa da farin kumfa dama da hagu, a tsakiya kuwa ga wani zirin ruwa mai duhu, shiru, wani lokaci da yashi ko shara suna tafiya ciki. Baƙo yakan ce bari in shiga ta nan da ya fi kwanciya. Nan ne bakin ramin. Irin wannan jan ruwa yana yawan samuwa a jikin katangun duwatsu, don haka ko a Tarkwa kada ku matsa kusa da su, kada kuma ku hau kansu, gansakuka ce da kaifin kawa. In an ce muku ku zagaya baya ku ga gaɓar Lighthouse, ku je ku kalla daga tudu, can teku ce buɗaɗɗiya.

Iyakarku gwiwa. Ko a nan za ka ji ruwa yana zare yashi daga ƙarƙashin diddigenka in yana komawa, har ka ga kamar ƙasa ce ke tafiya da kai. Ka buɗe ƙafa, ka ɗan karkata gefe, kada ka ba teku baya don hoto, domin raƙuman rukuni-rukuni suke zuwa, bayan ƙanana biyar ko shida sai babba. Zane da hijabi in sun jiƙe nauyinsu yana ninkuwa, suna kuma naɗe ƙafa, don haka ita idon sawu ya ishe ta, hannunta cikin naka. In ƙaddara ta sa ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga zirin. Na tudu kuma ya yi ihu ya kira 'yan wurin masu allon hawa ruwa, ya jefa abin da ke iyo, kada ya faɗa. Sau da yawa mai ceto ne ake rasawa.

Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma cikar ta fi yawa a farkon wata da daren sha huɗu. Jaka da takalma a ajiye su sama da layin da shara ta kwanta a kan yashi, nan ne iyakar inda ruwa ya kai a cikar da ta wuce. La'asar za ta same ku a can. Ruwan teku yana alwala, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, sai dai kurkurar baki da shi aiki ne, gara a taho da na gora. Alƙibla daga Legas gabas ce mai karkata arewa: ka sa buɗaɗɗiyar teku, wato kudu, a hannun damanka, ka ɗan ƙara juyawa hagu.

Jikin mutumin Jos

Jos tana bisa tudu mai kusan mita 1,200, iskarta busasshiya. Legas tana daidai da teku, kuma zafinta ba na rana ba ne kaɗai, na laima ne. Gumi yana fita amma ba ya bushewa, don haka jiki ba ya hucewa. Mutum yakan ji ciwon kai da kasala wajen azahar ya ɗauka zazzaɓi ne, alhali ruwa ne ya ƙare masa. Ku tanadi lita uku kowannenku, ku riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa, da ƙullin gishiri da sukari na ORS guda biyu a jaka. Tufafi na auduga marasa nauyi, ba shadda mai sitati ba, da kayan canji a leda saboda jirgi. A shafa maganin sauro kafin shiga fadama.

Ba ka faɗi watan tafiyar ba, kuma wannan tsari na rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris. Daga Afrilu zuwa Yuli damina ce mai ƙarfi, Yuni ya fi kowane wata ruwa, titunan Lekki suna cika, teku tana hauka. Agusta yakan ɗan tsagaita, ruwa ya dawo Satumba da Oktoba. In kun wayi gari da hadari, ku soke gadar sama da Tarkwa, ku yi gidan tarihi da gidan Nike, ku hau jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023. Yana bi ta saman ruwa, da katin Cowry ake shiga, a tasha ake saya. Haka kuma in uwargida tana da juna biyu, ko ɗayanku yana da hawan jini ko ciwon zuciya, maganar gadar sama da ƙaramin jirgi ta likita ce, ba tawa ba.

Farashi ban sa ba da gangan, domin yana bin kuɗin mai, abin da na rubuta yau zai iya zama ƙarya kafin ku tashi. Abin da ba ya sauyawa shi ne mota ce za ta ci fiye da rabin kuɗin yinin. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana-ƙanana a aljihu biyu, saboda a bakin ruwa taransifa takan maƙale. Da kun sauko daga jirgi, ku yi magariba a Obalende, ku sayi tsire ku ci a mota. A cikin gosulon dare gilashi a rufe, waya a ƙasa da taga.

In 'yan gida sun yi saƙon ruwan teku, kamar yadda aka saba, ka ba yaron jirgi gora ya ɗebo maka, ka naɗe murfin da leda, ka sa a jakar da za a auna in ta sama za ku koma. Ka dai gaya musu ba na sha ba ne: kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, ga shi kuma daga bakin tashar jiragen ruwa aka ɗebo shi.